Ranar da Ƙofa Ta Ƙi Mai Mabuɗi: Matsalar Shiga Kwamfuta Marar Faifai

Jawabin da aka gabatar a wajen taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai



Ina godiya ga kwamitin shirya taro da ya ba ni wannan dama. Sakatare ya rubuto mini cewa in yi bayani a kan ɗakin kwamfutar da ƙungiyarmu ta tanadar wa makaranta, ya kuma ja kunnena a kan abu biyu: kada in tsawaita, kada kuma in cika Turanci. Na farkon zan yi iyakar ƙoƙarina. Na biyun kuwa, akwai waɗansu sunaye da masu abin suka raɗa, ba ni da ikon sake musu suna, sai a yi haƙuri da su idan sun faɗo.

Da yawa daga cikinmu sun ji labarin cewa a zangon karatu na biyu na bara ɗakin nan ya yi kusan mako 3 a rufe. Wuta akwai, kwamfutoci suna tashi, amma ba wanda ke iya shiga, har da malamin da aka damƙa wa ɗakin, wanda shi ne mai gudanarwa, watau mai riƙe da babban mabuɗi. Wannan ba ƙaramar asara ba ce. Tun shekarar 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, a 2024 kuma hukumar WAEC ta fara yin haka ga masu rubuta jarrabawa daga waje. Yaron da ya taso a ƙauye bai taɓa riƙe linzamin kwamfuta ba, wannan ɗaki shi ne kaɗai wurin da hannunsa zai saba kafin ranar. Amma abin da ya fi damuna shi ne maganganun da suka biyo baya. Wasu suka ce malamin ne ya sake kalmar sirri ya manta. Wasu suka ce yara ne 'yan aji shida suka yi kutse. Wasu kuma suka ce dama kayan gwanjo aka sayo, a tara kuɗi a sake sabbi. Ko ɗaya daga cikin ukun bai faru ba, kuma kafin in sauka zan nuna dalili.

Sai mu fara da sanin irin kwamfutocin da muke da su. Kwamfutar da muka saba da ita a ofis ko a gida tana da faifan ajiya a cikinta. A nan take adana manhajar da ke tafiyar da ita, ko Windows ko Linux, da takardun mai ita, da sunayen waɗanda aka yarje wa shiga, da kalmomin sirrinsu. Namu na ɗakin nan ba su da wannan faifai. In ka kwance ɗaya za ka tarar da gurbinsa wayam. Duk abin da suke aiki da shi yana cikin babbar kwamfuta guda da ke kulle a ƙaramin ɗakin nan na kusa da sito, wadda ake kira uwar garke.

Malamanmu na da za su tuna yadda ake buga takardun jarrabawa a zamaninmu. Akawu ya buga tambayoyi a kan sitensil guda ɗaya, a ɗaura shi a inji, a yi ta juyawa har kowane ɗalibi ya sami tasa. To, haka abin yake. A cikin uwar garke akwai kwafi ɗaya tak na Windows da duk abin da aka shirya a cikinsa, kuma kowace safiya kowace kwamfuta daga wannan kwafi take ɗiba. Daga nan zan riƙa kiransa sitensil, domin mu fahimci juna. Abin da ɗalibi ya rubuta ko ya ɓata a lokacin da yake zaune, ana riƙe shi ne na ɗan lokaci a gefe, da zarar an kashe kwamfuta sai ya shafe, kamar yadda monita ke goge allo bayan an tashi.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun cikin shekarun 1980 kamfanin Sun Microsystems na Amurka yake sayar da kwamfutoci marasa faifai, kuma shi ne ya fito da tsarin NFS a 1984, wanda ke ba kwamfuta damar amfani da faifan wata ta hanyar waya kamar nata ne. Kamfanin Intel ya fitar da ƙa'idar PXE da yawancin kwamfutoci ke bi wajen tashi ta waya, bugunta na 2.1 ya fito a 1999. A wannan shekarar ce kuma aka fara shirin LTSP na Linux, wanda makarantu da yawa a ƙasar Girka suka dogara da shi. Masu shagunan intanet da na wasanni sun fi sanin CCBoot, mai aiki da Windows. Kwamitin da ya zaɓar mana wannan tsari bai yi kuskure ba. Faifai yana cikin abubuwan da ɗauke wuta barkatai ya fi lalatawa, kuma ɗakin da yara 40 ke shiga su fita kowace sa'a, gara a ce akwai wuri ɗaya da za a gyara maimakon 40.

Ga yadda take tashi. Idan ka danna maɓalli, kwamfutar tana kamar sabon ɗalibi ne a ranar farko: ba shi da lamba, bai san ajinsa ba. Sai ta yi kira a kan waya, wa zai ba ni lamba? Wani sashe da ake kira DHCP ya amsa, ya ba ta lamba, ya gaya mata inda za ta je. Wani sashen, TFTP, ya miƙo mata ɗan ƙaramin fayil na farko. Da wannan fayil take kama sitensil, Windows ya buɗe, har ka ga wurin rubuta suna da kalmar sirri. Saboda haka duk wanda ya kai wannan wuri, ya san waya tana aiki, uwar garke tana raye, sitensil ya iso. Wannan kaɗai ya rage rabin bincike, kuma ya isa ya wanke kwamfutocin daga zargin tsufa.

Abin da nake so kowa ya riƙe shi ne tambaya guda: idan an hana ni shiga, wa ya hana ni? Kwamfutar da ke gabanka 'yar aike ce. Ba ta san ka ba, ba ta riƙe sunanka ba. Wanda ya zauna yana dukanta, yana kashewa yana kunnawa, ya bar jaki ne yana dukan taiki.

Kafin a tafi nesa, a duba madannai. Na san abin zai ba wasu dariya, amma a ma'aikatarmu kiran da ake yi mini mafi yawa a nan yake ƙarewa. Ban da Caps Lock da Num Lock da kowa ya sani, akwai bambancin tsari. Madannan Ingila da na Amurka sun yi musayar wurin alamar @ da alamar zance. Madannan Faransa kuwa, irin waɗanda 'yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram suka saba da su, da waɗanda ke shigowa cikin kayan gwanjo ta Kwatano, A tana wurin Q, Z tana wurin W, kuma ba ka samun lambobi a layin sama sai ka danne Shift. Sa'an nan kwamfuta ba ta duba abin da aka zana a kan maɓalli, tsarin da aka saita a cikin sitensil take bi. Kana ganin ka buga A, ita kuwa Q ta karɓa, kuma ba za ka gane ba tun da ɗigo-ɗigo kawai take nuna maka. Maganin shi ne ka buga haruffan a gurbin suna, inda ake ganin rubutu, ka ga abin da ke fitowa, ka goge ba tare da ka tura ba, bayan ka tabbata ba yaro a bayanka. Ina kuma roƙon masu kishin harshe irina, kada a sa ƙ, ɗ, ko ɓ a cikin kalmar sirri, domin sau da yawa a bakin ƙofa ba a samun madannan Hausa. In an yi ta gwadawa ana kuskure kuma, a dakata. Tun 2022 sabbin Windows 11 suna kulle asusu na minti 10 bayan kuskure 10, kuma a cikin wannan lokaci ko daidai ka buga ba za a buɗe ba.

Abu na gaba shi ne wanda ya fi rikita mutane, har waɗanda suka yi karatun kwamfuta. Malam ya lura yara sun gano kalmar sirrinsa. Ya zauna a kan kwamfuta ta 7, ya sake sabuwa, kwamfuta ta ce an karɓa, ya gwada ta yi, ya kashe ya tafi gida hankali kwance. Da safe sabuwar ta ƙi. Ya gwada sau biyar, gumi ya fara keto masa. Abin da ya faru shi ne ya ɗauki biro ya gyara takardarsa ta jarrabawa, sitensil yana nan yadda yake. Da aka sake juya inji da safe, tsohuwar kalma ce ta dawo, wadda yaran suka sani. Wannan yana faruwa ga duk asusun da ke zaune a cikin sitensil. Gyara na dindindin ba ya yiwuwa sai an je uwar garke an buɗe wa kwamfuta guda ɗaya izinin rubutu a kan sitensil, a yi gyaran a kanta, a kashe ta yadda ya kamata, a koma uwar garke a tabbatar da ajiyar, sa'an nan a rufe izinin. A LTSP kuwa sai an sake gina sitensil ɗin bayan gyara. Kuma kafin a taɓa shi a yi kwafinsa a ajiye gefe, domin kuskure ɗaya a nan kuskure 40 ne gobe da safe.

Har ila yau akwai tambayar wane mai gudanarwa ake nufi, domin biyu ne, kuma sau da yawa sunansu ɗaya. Akwai Administrator na cikin sitensil, akwai kuma na babbar rajistar da uwar garke ke riƙewa, wadda Microsoft ke kira Active Directory. Kamar a ce akwai Audu biyu a makaranta, ɗaya a rajistar aji, ɗaya a rajistar ofishin Shugaba. In ka rubuta sunan kawai, ba lalle ne kwamfuta ta kai ka wurin wanda kake nufi ba. Idan na cikin sitensil kake so, ka fara rubuta ɗigo da karkatacciyar sanda, haka .\ sa'an nan sunan. Bugu da ƙari, tun daga Windows Vista da ya fito kasuwa a 2007, wannan asusu na Administrator a rufe yake zuwa, sai wani ya buɗe shi da gangan. Ubuntu ma haka yake yi wa asusun root tun fitowarsa a 2004. Watau mai yiwuwa kana ta gwada mabuɗi a ƙofar da aka toshe da bulo tun ranar gini.

Yanzu sai in zo kan abin da ya rufe mana ɗaki. Ba mutane kaɗai ke da kalmar sirri ba. Kowace kwamfuta da aka shigar cikin babbar rajista tana da tata kalmar, wadda ba wanda ke gani, da ita take gabatar da kanta ga uwar garke kafin a saurari mutumin da ke zaune a kanta. Bisa al'adar Windows, kwamfuta da kanta take sake wannan kalma duk bayan kwana 30, ta sanar da uwar garke, kowa ya rubuta a littafinsa. Ga kwamfuta mai faifai ba wata matsala. Amma tamu fa? Ta sake kalma, uwar garke ta rubuta sabuwa da tawada, ita kuwa ta rubuta tata a kan allo. Aka tashi, monita ya goge. Washegari ta zo da tsohuwar kalmar da ke cikin sitensil. Shi ya sa irin wannan ɗaki yake aiki lafiya lau wata ɗaya ko biyu bayan an buɗe shi, har a yi biki a ɗauki hoto, sa'an nan rana guda a wayi gari kwamfutoci suna cewa amincin da ke tsakaninsu da rajista ya warware. Uwar garke ba malamin ta ƙi ba, kwamfutar da yake kai ta ƙi, ko tambayar sunansa ba ta kai ga yi ba. Da shi da Shugaban makaranta da wanda ya kafa ɗakin, duk wanda ya zauna a nan amsa ɗaya zai samu.

Gyaran bai ɗauki awa 2 ba. An shiga da asusun cikin sitensil, an sake ƙulla kwamfutocin da rajista, an kuma saita ƙa'idar da ke hana su sake kalmarsu da kansu, abin da ya kamata a yi tun ranar farko. Sauran kwanakin duk sun tafi ne wajen neman wanda ya san kalmar sirrin uwar garke da ta asusun cikin sitensil, domin ba a bar wa makaranta ko ɗaya ba. Saboda haka ina so a rubuta a cikin rahoton wannan taro cewa malamin kwamfuta bai manta komai ba, yaran aji shida kuma ba su taɓa komai ba. Na ji an ce har an tara wasu daga cikinsu a gaban ofis an yi musu barazanar kora. Ya kamata su ji daga bakinmu cewa an gano gaskiya.

Akwai wani dalili da ke kawo irin wannan alama, wanda na fi gamuwa da shi a ma'aikatu, shi ne agogo. Tsarin tantancewa da Windows ke amfani da shi tun daga Windows 2000, sunansa Kerberos, an ƙirƙiro shi a jami'ar MIT ta Amurka cikin shekarun 1980. Yana buga lokaci a kan kowace takardar izinin shiga, domin kada ɓarawo ya tsinci ta jiya ya shigo da ita yau. Idan agogon kwamfuta da na uwar garke suka saɓa da fiye da minti 5, sai a ƙi takardar, ko da kalmar sirri daidai take. To, me ke riƙe agogo idan an kashe wuta? Wani ɗan batir ne mai faɗin kwabo, CR2032, da ke manne a cikin kwamfuta. Yakan yi shekaru, amma kayan da aka sayo na hannu ba wanda ya san shekarun da ya riga ya ci. Ranar da ya mutu, agogo sai ya koma wata tsohuwar shekara duk lokacin da aka kunna. Na taɓa ganin ofis guda an rubuta takardar neman sayen sabuwar uwar garke, ta bi tebur-tebur har ta kai ga Babban Sakatare, alhali kuwa batirin da ake samu a wajen mai gyaran agogo a bakin kasuwa ne ya mutu.

Agogon yana da wani tarko da ya fi wannan ɓoyuwa. Kerberos da lokacin Girinwic yake lissafi, mu kuwa a Nijeriya da Nijar muna gaba da shi da awa 1. Sau da yawa wanda ya shirya sitensil yakan bar shi a kan lokacin yammacin Amurka, sa'an nan ya duba agogon hannunsa ya gyara na kwamfuta ya yi daidai da shi. Kai da ke kallo za ka ga ƙarfe 9 a bango, ƙarfe 9 a kwamfuta, ka rantse lafiya lau. A lissafin Kerberos kuwa akwai tazarar awa 8 ko 9 tsakaninta da uwar garke. Don haka ba duba agogo kaɗai ba, a duba yankin da aka ce kwamfutar tana zaune.

Waɗansu matsalolin zan ambace su a gurguje. Wani malami yana son intanet, ya kawo 'yar rautarsa daga gida ya soka a akwatin da wayoyin ɗaki ke haɗuwa. Ita ma rautar tana raba lamba, sai a sami masu raba lamba biyu a ɗaki ɗaya, kwamfutar da ta karɓi ta baƙuwa sai ta ɓata hanya, ko ta ƙi tashi, ko ta tashi ta ce ba ta ga mai tantance ta ba. Kwamfuta mai faifai takan tuna mutum 10 na ƙarshe da suka shiga, ta buɗe musu ko da rajista ba ta amsa ba. Tamu ba ta tuna kowa. Haka kuma idan an dawo da wuta aka kunna komai lokaci guda, ƙananan sukan riga uwar garke shiryawa. A ba ta 'yan mintoci tukuna. Idan kuma ka buga kalma ta karɓa, fuska ta yi duhu, ta sake dawo da kai bakin ƙofa, yawanci faifan uwar garke ne ya cika, ba wurin da za a shimfiɗa maka tabarma.

Ga 'yan'uwa masu aiki da Linux, na ga biyu ko uku a nan, akwai abin da ke kama da hana shiga alhali ba shi ba ne. Ka shiga a matsayin root, amma duk abin da ka taɓa a ce ba ka da izini. NFS ne ke yin haka da gangan: idan root ya zo daga wata kwamfuta, sai ya tuɓe masa rawani ya mai da shi wani asusu marar iko da ake kira nobody, mai lamba 65534. Hikimar ita ce kada duk wanda ya mallaki kwamfuta guda a ɗaki ya zama sarkin uwar garke. Kafin ka cire wannan kariya ka yi tunani sau biyu. Gara ka taka ka je uwar garken ka yi aikinka a can. Kazalika tun bugu na 7.0 a 2015, OpenSSH ba ya barin root ya shigo daga nesa da kalmar sirri sai an sake saiti.

Duk wannan ba sai an yi canki-canki ba, domin uwar garke tana da littafin da take rubuta duk wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa da dalilin da ya sa aka mai da shi. A Windows ana buɗe Event Viewer. Lamba 4625 tana nufin an yi yunƙurin shiga bai yi ba, 4740 an kulle asusu. A ƙarƙashin 4771, in ka ga 0x18 to kalmar ce ba daidai ba, in kuwa 0x25 ce, je ka duba agogo. A Ubuntu akan duba fayil ɗin auth.log. Sai dai a tuna, littafin da ke kan ƙaramar kwamfuta shi ma a allo yake. Duk wanda ya kashe ta don ya ga ko za ta gyaru, ya goge shaidar da hannunsa. A karanta abin da ta rubuta a fuska, a ɗauki hotonsa da waya, kafin a taɓa maɓalli.

Ina da gargaɗi guda game da masu gyara na bakin titi. Ba raina su nake yi ba, da yawansu sun fi ni iya kwance kwamfuta. Amma maganinsu na farko shi ne a goge komai a sake zubawa, kuma a ɗaki irin namu abin gogewa ɗaya ne kawai, uwar garke. A nan sitensil yake, a nan rajista take, a nan tambayoyin gwaji da malamai suka yi shekara suna tarawa suke. Garin neman gira sai a rasa ido. Kada Shugaban makaranta ya yarda kowa ya zauna a gaban uwar garke sai ya faɗi, a rubuce, abin da yake zaton ya lalace da abin da zai taɓa. Mu ma'aikatan gwamnati ana yi mana dariya a kan son takarda, amma a nan tana da rana.

Mai girma Shugaba, ina da buƙatu da nake son majalisa ta duba a zamanta na gaba, kuma ba wadda ta kai kuɗin kwamfuta ɗaya. A rubuta kalmar sirrin uwar garke, da ta asusun cikin sitensil, da ta BIOS, a sa a ambulan biyu a liƙe, ɗaya a akwatin ƙarfe na ofishin Shugaban makaranta, ɗaya a hannun Sakataren ƙungiya, kuma duk ranar da aka sake kalma a sake ambulan. A buɗe asusun mai gudanarwa na biyu da sunan wani malami, domin mutum yakan yi tafiya, yakan yi ciwo, ana kuma yi masa canjin wurin aiki da takarda guda. A sayi faifai na waje a riƙa kwafe sitensil a farkon kowane zango, a ajiye shi a wani ɗakin dabam. A sake batirin na'urar riƙe wuta ta uwar garke, domin da na duba ta jiya ba ta kai minti 2 ba ta mutu. Duk wanda za a ba kwangilar irin wannan aiki nan gaba kuma, kada a biya shi kason ƙarshe sai malamin kwamfuta ya shiga uwar garke da hannunsa a gaban shaidu.

Akwai magana guda da ke tafe wadda ba za ta jira taron baɗi ba. Sitensil ɗinmu Windows 10 ne, kuma Microsoft ya daina ba shi kulawar yau da kullum tun ranar 14 ga Oktoba, 2025. Windows 11 yana da sharuɗɗan da yawancin kwamfutocinmu ba su cika ba. Ko dai mu nemi ƙarin wa'adi na kuɗi, ko mu gwada sitensil na Linux a kan kwamfutoci 5 mu ga yadda yara za su karɓe shi, tun da uwar garke tana iya riƙe sitensil fiye da ɗaya a lokaci guda. Ni na fi karkata ga na biyun, kuma na yi alkawarin ba da ranakun Asabar biyu a hutun da ke tafe, in za a sami mutum biyu daga cikin 'yan ajinmu su taya ni. Sakatare yana da takarda, mai so ya rubuta sunansa kafin a tashi cin abinci.